Monako ba garin Faransa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikata.

Ranar Asabar da ta wuce muna teburin mai shayin unguwarmu muna sauraron shirinku na wasanni, sai wani ya aiko da tambaya a kan dalilin da ya sa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Monako take buga gasar Faransa. Mai gabatarwa ya amsa a gurguje cewa ai Monako gari ne a kudancin Faransa, kamar Marsei ko Nis. Wani yaro da muka daɗe muna gardamar nan da shi ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "To Malam, ka ji dai, rediyo ma ta faɗa." Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, domin maganar da ta fito daga bakinku ta fi tawa nauyi a majalisa.

Monako ƙasa ce mai tutarta da kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1993. Gaskiya ne ƙarama ce ƙwarai: murabba'in kilomita biyu da 'yan kai, mai tafiya a ƙasa zai ratsa ta cikin awa guda, kuma mazaunanta ba su kai dubu 40 ba. Faransa ta kewaye ta ta ɓangare uku, teku ya tare na huɗun. Mai mulkinta ana ce masa Yarima, amma kada a ɗauka irin yarimanmu ne mai jiran gado. Shi ne sarkin da kansa. Na yanzu, Albert na Biyu, ya hau a 2005 bayan rasuwar mahaifinsa Rainier na Uku, kuma gidansu na Grimaldi ya fara kama wurin ne tun 1297.

Sai dai ban ga laifin mai gabatarwa sosai ba, don kuwa zaman ƙasashen biyu ya cakuɗe. A 1861 Monako ta sallama wa Faransa garuruwan Menton da Roquebrune, waɗanda su ne kusan dukkan ƙasarta da gonakinta na lemo da zaitun, aka biya ta faran (kuɗin Faransa na wancan lokaci) miliyan 4, Faransa kuma ta amince da 'yancinta a rubuce. Da gona ta tafi, sai aka koma ga gidan caca na Monte Carlo da baƙin masu kuɗi, har a 1869 aka soke harajin kuɗin shiga gaba ɗaya. Abin dariya, 'yan ƙasar an haramta musu yin cacar, aljihun baƙo ake so.

Wannan rashin haraji ne ya jawo rikici mafi zafi tsakaninsu. Attajiran Faransa da kamfanoninta sun riƙa tsallakawa suna fakewa a Monako. A Oktoban 1962 shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya ga abin ya ishe shi, ya sa jami'an kwastan suka tare hanyoyin shiga, ana tsayar da motoci ana bincike a iyakar da jiya-jiya ba wanda ya san da ita. Ƙasar da wutarta da ruwanta da abincinta suke biyowa ta hannun maƙwabciya ba ta da ƙarfin ja-in-ja. A 1963 aka sa hannu: Bafaranshen da ya koma Monako da zama zai ci gaba da biya wa Faransa haraji, in ban da waɗanda suka daɗe a can tun kafin rikicin. Har yau haka abin yake. Bature daga Ingila ko Italiya zai zauna a Monako ba haraji, maƙwabcinsa Bafaranshe kuwa sai ya biya.

Abin da ya fi burge ni shi ne Monako ba ta tsaya nan ba. Yarjejeniyar 1918 ta ɗaure ta tamau: Faransa za ta kare ta, ita kuma dole siyasarta ta dace da muradun Faransa, kuma daga baya ya zama babban ministanta sai Bafaranshe daga cikin sunayen da Paris ta miƙa. Suka yi ta lallaɓawa, ba zagi ba tada jijiyar wuya, har aka sake yarjejeniya a 2002. Yanzu Yarima na iya naɗa ɗan ƙasarsa a wannan kujera, ko da yake sai ya tuntuɓi Paris, kuma a 2006 ƙaramin ofishin jakadancin Faransa ya koma cikakken ofishin jakada, irin wanda ake buɗewa a ƙasa mai cin gashin kanta. Wani zai ce ai 'yanci ne na takarda. Ni dai na ga takardar ta yi aiki, tunda shekara 160 da ɗoriya ba a haɗiye su ba.

Ta fannin al'ada kam, zama da maɗaukin kanwa ya kawo farin kai. Faransanci ne harshen hukuma, kuɗinsu yuro ne duk da ba sa cikin Tarayyar Turai, dubban ma'aikata kuma kullum da safe daga Faransa suke shigowa a jirgin ƙasa su koma da yamma. Harshensu na gado, ɗan uwan na mutanen birnin Genoa na Italiya, sai da aka sa shi a makaranta don kada ya ɓace. Ƙwallon ma haka ne: ƙasar ba ta da yawan da za ta yi gasar kanta mai ƙarfi, shi ya sa ƙungiyarta take bugawa da na Faransa, ta kuma ci kofin sau 8. A na 1997 akwai namu Victor Ikpeba, wanda a shekarar ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka har ake masa laƙabi da Yariman Monako.

Ina roƙon ku gyara wannan magana a shirin Asabar mai zuwa, kuma in da hali a faɗe ta da wuri, kafin ƙarfe tara, don yaron nan ba ya kaiwa ƙarshen shiri yake tashi.

Na gode.

Mai sauraronku a kullum,
daga Tudun Wada, Zariya