Ƙawas, wai wace ce uwar Victoria?

Assalamu alaikum ƙawas. Ya sanyi, ya maigidan da 'yan biyu? Tun bikin autar su Inna ban ji ɗuriyarki ba, wai ke nan kin zama 'yar birni ko? To ni dai ban yi fushi ba. Da ma tambayarki zan yi maganar atamfofin nan, amma bari tukuna, akwai abin da ya tsaya min a rai.

Wani tsohon shirin talabijin na Amurka na samu a intanet, Dark Shadows sunansa, tashar ABC ta fara nuna shi a 1966 aka gama a 1971, kashi 1,225 wallahi, kullum rabin awa daga Litinin zuwa Juma'a. Na san za ki ce me zan yi da hoto baƙi da fari, ke da ba kya kallon abin da babu rawa a ciki. Ki dai saurara.

Wata marainiya ce Victoria Winters, a gidan marayu na New York ta tashi, ba ta san uwa ba ba ta san uba ba. Kwatsam sai wasiƙa ta zo mata daga wani gari Collinsport a jihar Maine, wai ta zo ta riƙa koyar da wani yaro David a gidan attajiran garin, Collinwood, ƙaton gida a kan tsauni bakin teku, rabin ɗakunansa a kulle. Matar gidan, Elizabeth, shekara 18 ba ta taka ƙofar waje ba, kuma ita da kanta ta nemo yarinyar alhali ta ce ba ta san ta ba. To me ya sa ita? Ga kuɗin da wani ya riƙa aiko wa gidan marayun duk wata daga Bangor, garin da ke kusa da su. Ga kukan mace da ake ji cikin dare, ga ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da Elizabeth ke rataye da makullinsa a wuya. Ashe ita a zatonta ta kashe mijinta an binne shi a nan, wani mugu Jason yana ta tatsar kuɗinta da wannan sirrin, ranar da aka haƙo akwatin sai ga shi wayam, ba gawa! Na tausaya wa matar nan sosai, ta kulle kanta shekara da shekaru a kan laifin da bai faru ba.

Af, kin ji Yaya Babba ya saida babur ɗin? Ya ce kiwon kaji zai koma, Inna har yanzu ba ta yi masa magana.

To a 1967 shirin ya kusa mutuwa saboda ba masu kallo, sai mai shi Dan Curtis ya shigo da Barnabas Collins, wani mai shan jini da aka ɗaure akwatin gawarsa da sarƙa, ɓarawo ya je neman gwala-gwalai ya buɗe shi. Jonathan Frid ne ya fito a Barnabas, da nufin ya yi 'yan makonni a kashe shi, sai mutane suka kamu da shi saboda yana ƙyamar abin da ya zama, yara ma da gudu suke dawowa daga makaranta kar ya wuce su. Daga nan aka koma kala, aka tafi 1795 aka nuna yadda wata 'yar aiki mayya, Angelique, ta tsine masa don ya bar ta ya so uwar ɗakinta Josette. Kishi dai ƙawas, ko'ina ɗaya ne. Kuma kusan a tashi ɗaya suke ɗauka, za ki ga inuwar makirufo a bango, wani ya manta maganarsa, amma duk da haka in aka sa kiɗan shirin sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya ɓata min rai shi ne, da Barnabas ya zo sai aka watsar da zancen Victoria, wadda ta fito a matsayinta ta bar shirin a 1968, har aka gama ba a taɓa faɗin wace ce uwarta ba. Ni na rantse Elizabeth ce, ki kalli yadda take kallon yarinyar in ta juya baya, uwa kaɗai ke irin wannan kallon. Ki fara daga kashi na farko don Allah, kar ki tsallaka wajen Barnabas kamar yadda kika saba, sai ki faɗa min ko ke ma haka kika gani.

Ki gaida maigidan, ki shafa min kan 'yan biyu. In kin kira ki kira bayan isha'i, lokacin an kawo wuta.

Taki har kullum.