A biya ɗan ƙwadago, a cire kuɗin gyara kawai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ban ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu tsakanin masu gida da masu aikin hannu kuma kwanan nan ta faɗo gidanmu.

Ƙanena mai sa tayil ne. Wani bawan Allah ya ba shi jingar gida, falo biyu da ɗakuna huɗu da banɗakuna, suka yi tsada a kan naira 900,000, aka ba shi 500,000 kafin alƙalami sauran sai an gama. Yaron nan ya kusa sati biyar yana durƙushe har gwiwoyinsa suka yi kanta, ya gama, mai gida ya zo dubawa sai ya ga a banɗaki ɗaya ruwa yana ɗan kwanciya a lungu baya gangarawa magudana, da kuma tayil guda shida a bakin ƙofar kicin da launinsu ya ɗan saɓa. Laifi ne, ban ce ba laifi bane, ni kaina na yi masa faɗa. Amma gyaran duka bai wuce na 35,000 ba. Shikenan mutumin nan ya riƙe 400,000 cif yace ai ba a cika alkawari ba saboda haka ko sisi, alhali ya tare a gidan da iyalinsa har an yi walima a kan tayil ɗin.

Ni ba lauya bane amma na yi shekaru ina aikin akawu a ofishin lauyoyi, kuma abin da mutane basu sani ba shi ne wannan rigimar an daɗe da yanke ta a dokar kwangila ta Ingila, wadda kotunanmu na Najeriya suka gada tun zamanin Turawa. Da can dokar ta yi tsauri sosai. A 1795 an yi shari'ar Cutter da Powell, Cutter ma'aikacin jirgin ruwa ne da aka yi wa alkawarin gini 30 (kuɗin zinare na lokacin) in ya yi aiki daga Jamaika har Liverpool, sai Allah ya yi masa rasuwa a teku saura kwana 19 su isa. Matarsa ta nemi a biya ta na kwanakin da ya yi, kotu tace babu, tunda sharaɗin shi ne a kai ƙarshen tafiya. Kaga wannan ita ce hujjar da mai gidan ƙanena yake riƙe da ita ko da bai taɓa jin sunan Cutter ba.

To amma su kansu alƙalan sun ga in aka bi wannan a kowane aiki za a cuci mutane, shi ya sa suka fito da ƙa'idar cewa in mutum ya yi galibin aikin, abin da ya rage ƙananan kurakurai ne, to dole a biya shi, sai dai a cire abin da gyaran zai ci. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Hoenig da Isaacs a 1952, wallahi kamar labarin ƙanena aka ɗauka. An ba mutum aikin ƙawata ɗaki da haɗa kayan katako a kan fam 750, aka biya shi 400, mai ɗakin ya hana 350 saboda ƙofar wadrob tana da matsala kuma kantar littattafai ta gaza tsawo, gyaran duka fam 55 da 'yan kai. Kotun ɗaukaka ƙara, har da Lord Denning a cikin alƙalan, tace a biya shi cikon kuɗinsa a cire fam 55 ɗin nan. A Amurka ma a 1921 Mai shari'a Cardozo na New York ya yi irin wannan hukuncin, inda mai gida ya ce sai an fasa bango an cire bututun ruwa don kawai ba na kamfanin Reading bane da aka rubuta a takarda, alhali wanda aka sa ingancinsu ɗaya.

Kar masu aikin hannu su ji wannan su fara murna, domin ƙa'idar bata rufa wa ɗan algus asiri. A 1972 a shari'ar Bolton da Mahadeva wani ya sa na'urar ɗumama gida a kan fam 560, na'urar bata ɗumama gidan yadda ya kamata ga hayaƙi tana fitarwa cikin ɗaki, gyara zai ci fam 174, kotu tace wannan bai yi aikin ba sam, bashi da ko kwabo. Wato ba lissafin kuɗi kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko abin ya biya buƙatar da aka yi shi dominta. Rijiyar da ba ruwa ko ta kai gaba ashirin ai rami ce. Haka wanda ya gudu ya bar aiki, kamar magini Sumpter a 1898 da ya karɓi ginin gidaje biyu a kan fam 565, ya yi na wajen 333 kuɗi suka ƙare masa ya tafi, bai samu ladan aikinsa ba sai kuɗin kayan ginin da ya bari a wurin mai filin ya yi amfani da su. Irin su kam muna da su da yawa, a karɓi kuɗi a kai gini linta a kashe waya.

Na san wani zai ce ai ko a fikihu malamai sun ce mai jinga bashi da komai sai ya kammala aiki. Haka ne, amma mutumin da ya shimfiɗa tayil a gida gaba ɗaya har ka shiga kana sallah a kai ai ya kammala, aibi ne aka samu a wani gefe, kuma mu ne dai muke karanta hadisin a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Gumin ƙanena yau wata uku da bushewa, yaran da suka taya shi aiki kullum suna ƙofar gidanmu da safe.

Shawarata ga masu sana'a, dan Allah a daina aikin baki da baki, ko a takardar littafin makaranta ne a rubuta, kuma a raba biyan kashi kashi, in an gama falo kaza, in an gama ɗakuna kaza, domin a doka in an raba aiki haka kowane kashi da ka gama kuɗinsa ya zama naka. Malam Edita in da hali ku samo lauya da malamin fikihu su yi wa jama'a bayanin wannan da Hausa. Mu dai mun kai maganar gaban mai unguwa, ya sa ranar Asabar bayan la'asar, na ce wa ƙanena ya tafi da siminti da tayil shida a buhu ya gyara a gaban kowa, in mutumin ya ƙi sai kotu.

Naka mai karatu kullum,
daga Zariya