A riƙa gwada ƙarkon sinadarin da aka narkar kafin a dogara da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu aiki a ɗakunan gwaje-gwaje kan wani sakaci da ke ɓata sakamako ba tare da an ankara ba. Ana narkar da sinadari a ruwan narkarwa irin su metanol, aseton ko DMSO (gajeren sunan dimethyl sulfoxide), a rubuta kwanan wata a jikin kwalba, a jefa firiji, a yi watanni ana ɗiba ana awo da shi, babu wanda ya gwada ko abin da ke ciki yana nan yadda aka zuba shi. Da irin wannan ruwa ake auna ƙarfin magani da ragowar maganin ƙwari a cikin abinci. In ya lalace, duk lissafin da aka ɗora a kansa ya karkace.

Ruwan narkarwa ba ɗan kallo ba ne, yana iya taɓa abin da aka zuba masa. Metanol yana farfasa sinadarai 'yan rukunin esta. Asfirin da ya daɗe a cikinsa yakan saki asid ɗin salisilik. Aseton yana haɗewa da wasu 'yan rukunin amayin ya haifar da wani abu dabam. Kulorofom, in ya sha haske da iska, yana fitar da asid da iskar fosjin mai guba, shi ya sa masu yin sa ke sa masa ɗan etanol. Ruwan narkarwa na THF da na ita (ether) suna tara wani abu da ake kira ferokzayid, wanda ke cinye sinadari, kuma yana iya fashewa in aka ƙafar da ruwan. DMSO kuwa yana zuƙar danshi daga iska, yana daskarewa a wajen digiri 18 na ma'aunin Selsiyos, don haka kowace buɗewa da kowace narkewa ƙarin ruwa ce a cikinsa.

Gwajin ba shi da wuya. A auna miligiram 10 na sinadarin a sikeli mai kyau, a narkar a cike zuwa mililita 10. A raba wannan cikin ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, masu murfin da aka shafe cikinsa da tefulon, domin roba zalla tana sakin datti cikin ruwan. Kowace ranar gwaji da kwalbarta, kada a riƙa buɗe guda ɗaya. A ajiye wasu a firiza a digiri 20 ƙasa da sifiri, wasu a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wasu a digiri 25. A zuba kaɗan a farar kwalba a bar ta cikin haske, a ajiye wata kusa da ita a naɗe da takardar alminiyom, don a bambance ɓarnar haske da ta zafi. Sai a auna da na'urar HPLC, mai rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa ta auna yawan kowanne, a ranar farko, bayan awa 24, bayan mako guda, wata guda da wata uku.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ƙafewa, kuma nan nake so a tsaya sosai. Aseton yana tafasa a digiri 56, daikulorometen, wani ruwan narkarwar, a digiri 40. Murfi ya ɗan saki kaɗan, sai ruwan ya bi iska. A ɗauka mililita 10 ya koma 9.5: ƙarfin abin da ya rage ya hau da kusan kashi 5 cikin ɗari. In a lokacin kashi 5 na sinadarin ya lalace, na'ura za ta nuna kamar komai lafiya lau, alhali kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri. Maganin wannan mai sauƙi ne: a auna nauyin kowace kwalba da murfinta ranar ajiya, a rubuta, a sake aunawa kafin a buɗe. A kuma bar ta sanyin ya sake ta tukuna, in ba haka ba raɓa za ta sauka ciki, sannan wani ɓangare na sinadarin yana iya kwanciya a ƙasa bai gama narkewa ba.

Kada kuma a kwatanta awon yau da na wata uku baya, domin ita kanta na'urar tana sauya hali. A haɗa sabon ruwa a ranar, a auna tsoho da sabo bi da bi. Ƙa'idar Tarayyar Turai kan awon ragowar maganin ƙwari ta ce a auna kowanne aƙalla sau biyar, kuma bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Masu awon magunguna sukan matse iyakar zuwa kusan kashi 2.

Raguwar babban tsini a zanen na'ura, wato alamar da ke nuna yawan sinadarin, rabin labari ne. A duba ko sababbin tsinaye sun ɓullo. In sinadari ya ragu amma babu sabon tsini, to ko ya manne a jikin gilashi, ko abin da ya koma ba ya bayyana a irin hasken da aka saita wa na'urar, ko yana fitowa a ɓoye ƙarƙashin babban tsinin. Dokar sinadarai ta Turai mai suna REACH ma, ga sinadaran da ake sarrafa tan 100 ko fiye a shekara, ta nemi a san abin da suke rikiɗa su zama a cikin waɗannan ruwaye, muddin ƙarkonsu na da muhimmanci.

Roƙona ga shugabannin ɗakunan gwaji da malaman da ke duba aikin ɗalibai: duk kwalbar da za ta shiga firiji ta ɗauki sunan ruwan da aka narkar da sinadarin a ciki, nauyinta, zafin ajiya, da ranar ƙarewar aiki wadda gwaji ya tabbatar.

Wassalam,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin sinadarai