Rigimar Nike da Puma kan haƙoran takalmin ƙwallo

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata shari'a da masu sharhin wasanni ba su cika waiwayarta ba, wato ƙarar da kamfanin Nike ya shigar da Puma a kotun tarayya ta jihar Masacusets a Amurka a watan Mayun 2018, bisa zargin satar fasahohin da ya yi wa rajista, ciki har da yadda ake dasa haƙoran da ke ƙasan takalmin ƙwallo.

Wanda bai taɓa zamewa a jiƙaƙƙen fili ba zai iya raina waɗannan 'yan haƙora, amma tarihi bai raina su ba. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1954 a birnin Ban na Suwizalan, ana tsuga ruwan sama Jamus ta Yamma ta doke Hangari da ci 3 da 2, 'yan wasanta sanye da takalman Adi Dassler, wanda ya kafa kamfanin Adidas, masu haƙoran da ake kuncewa a ɗaura dogaye idan fili ya yi taɓo. Har yau Adidas na tinƙaho da wannan rana, alhali Puma, kamfanin da Rudolf, yayan Adi, ya kafa bayan sun raba gari a 1948, ya dage cewa shi ya riga fitar da irin wannan takalmi tun 1952.

Ba ni da ja a kan cewa wanda ya wahala wajen ƙirƙira ya ci gajiyar guminsa na shekara 20, kamar yadda doka ta tanada. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda shari'ar ta ƙare, domin a watan Janairun 2020 kamfanonin biyu sun sasanta a bayan fage, ba tare da alƙali ya fayyace wanda ke da gaskiya ba, kuma ba a bayyana sharuɗɗan sulhun ba. Manya sun rufa wa juna asiri ke nan, aka bar ƙaramin kamfani, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauyoyi na shekara biyu, bai san inda gonar Nike ta tsaya ba balle ya kauce mata, don haka sai ya haƙura da ƙera takalmin gaba ɗaya. Idan kuwa masu ƙerawa suka ragu, farashi ba zai sauko ba, kuma yaranmu za su ci gaba da tonon dilar gwanjo suna neman takalmin da haƙoransa ba su gama cinyewa ba.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano