Wasiƙa ga Abba: kada ka gyara lissafi don bai yi maka daɗi ba

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah. Labarin ƙarin girmanka ya iso mu, mahaifiyarka har sadaka ta raba. Allah ya taya ka riƙo. Tunda yanzu akwai na ƙasa da za su riƙa kawo maka rahoto, kai ma kana kai wa na sama, ina so mu duba abin da ya sami rundunar jiragen ruwan Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Na san an karantar da ku shi ta fuskar dabarun yaƙi. Ni wani gefen ne ya tsaya mini a rai.

Admiral Isoroku Yamamoto, wanda ya karɓi ragamar rundunar a 1939, ba jahili ba ne, ba kuma matsoraci ba. Yana saurayi ya rasa yatsu biyu a gumurzun Tsushima na 1905, inda Admiral Togo ya tarwatsa jiragen Rasha. Ya yi karatu a Harvard, ya yi aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Washington, ya ga ƙarfin masana'antun Amurka da idonsa. Shi ya sa ya gaya wa Firaminista Konoe cewa in aka sa shi yaƙar Amurka zai yi ɓarna ta wata shida ko shekara guda, amma ba shi da tabbas kan shekara ta biyu da ta uku. Ranar 7 ga Disamba 1941 jiragensa suka far wa Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, suka kashe Amurkawa fiye da 2,400. Wata shida bayan nan aka yi yaƙin Midway, wani ɗan tsibiri na Amurka a tekun Pasifik.

Tsakanin waɗannan biyu nasara ta yi ta zuwa musu a jere, har kunnuwa suka toshe. Hafsoshin hedikwata a Tokyo sun nuna shakku kan shirin Midway, aka isar musu cewa in ba su amince ba Yamamoto zai yi murabus. Da wannan barazanar ya samu amincewarsu kan Pearl Harbor, da ita ya sake samu. Mutumin da ya fi kowa sanin haɗarin yaƙin, shi ne ya daina sauraron masu ce masa a yi hattara.

Ga wurin da nake so ka tsaya. A farkon watan Mayu 1942 manyan hafsoshi suka taru a cikin katafaren jirgin Yamato don atisayen tebur kan shirin Midway: a shimfiɗa taswira, wasu su zama Japan, wasu su zama Amurka, alƙali ya jefa ƙuri'a ya faɗi sakamako. Kamar yadda waɗanda suka halarta suka ruwaito, alƙalin ya ce bama-bamai 9 sun sami jiragen dakon jiragen sama na Japan, Akagi da Kaga sun nutse. Sai Admiral Ugaki, shugaban ma'aikatan Yamamoto, ya ce a mayar da su 3. Akagi ya tsira. Da aka zo mataki na gaba, Kaga da ya nutse ma aka dawo da shi kan taswira. Akwai masana da ke cewa lissafin alƙalin ya yi yawa, kuma mai yiwuwa suna da gaskiya. Amma ka duba abin da ƙananan hafsoshin da ke tsaye a ɗakin suka koya ran nan: sakamakon da bai gamsar da babba ba, gyara shi ake yi. An ma ta da tambayar me za a yi in jiragen Amurka suka ɓullo ta gefe ba zato, aka wuce ta ba tare da amsa mai ƙwari ba.

Haka ɗin kuwa aka yi. Amurkawa sun riga sun warware saƙonnin sirrin rundunar, suka yi kwanton ɓauna. Ranar 4 ga Yuni, cikin 'yan mintoci Akagi da Kaga da Soryu suka kama da wuta, da yamma Hiryu ya bi su. Japan ta rasa mutum kusan 3,000, cikinsu har da Admiral Yamaguchi, wanda ya ƙi barin Hiryu.

Faɗuwa a yaƙi ba abin kunya ba ce, Abba. Abin da ya biyo baya ne ya fi muni. Aka sanar wa jama'a cewa jirgin dako ɗaya ne ya nutse, ɗaya ya lalace. Waɗanda suka ji rauni aka killace su a asibiti, aka raba su da 'yan uwansu, da yawa daga waɗanda suka tsira aka tura su fagen daga a kudu don kada labari ya fita. Har sojan ƙasa, abokan aikinsu, ba a gaya musu cikakkiyar gaskiya a kan lokaci ba. An harbo jirgin Yamamoto a Bougainville ranar 18 ga Afrilu 1943, amma ɗabi'ar ba ta mutu da shi ba. A Oktoba 1944, bayan artabun sama a kusa da Taiwan, aka shelanta cewa an nutsar da jiragen dakon Amurka 11. Ko ɗaya bai nutse ba. Sojan ƙasa suka gaskata, suka sauya shirinsu, suka kwashi dakaru zuwa tsibirin Leyte suna zaton abokin gaba ya karye. Dubban 'ya'yan mutane suka mutu a can.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a aikinku ba maƙaryacin ne ke fara faɗawa ciki ba, yaran da aka tura ne.

Don haka ranar da wani ƙaramin yaro zai tsaya gabanka ya ce injin nan ba zai kai mu ba, ko man da ke rubuce a takarda ba shi ne a tanki ba, ka lura da fuskarka. Sauran suna kallo, kuma daga yadda ka karɓe shi za su yanke ko gobe su faɗa maka ko su yi shiru. Ka gode masa a gabansu, ka je ka duba da kanka. In atisaye ya nuna kun gaza, ka rubuta kun gaza, ka sa hannu, ko da na sama zai ɓata rai. In kuma kai ne ka kawo shawara aka ƙi, kada ka tsorata mutane da fushi ko da cewa za ka ajiye aiki; ka kawo hujja, ka saurari tasu.

In ka samu hutu ka zo da yaran, kakarsu tana ta tambayarsu. Ka gai da maiɗakinka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a tudu da ruwa.

Mahaifinka