Godiya ga Sashen Lafiyar Yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na ga gara in yi wannan godiya a bainar jama'a.

'Yan biyu gare ni, mace da namiji, kuma tun suna goye kansu ɗaya. Suna shiga shekara 12 sai macen ta miƙe kamar ana jan ta, shi kuwa yana nan yadda yake. A makaranta aka fara kiransa ƙanenta. Dangi kowa da shawararsa, har wata ta turo mini tallan allurar ƙara tsawo ta waya. Ba zan ɓoye ba, na kawo shi wurinku ne da niyyar a rubuta masa allurar nan.

Likitar da ta duba shi ba ta yi gaggawa ba. Ta auna shi, ta tambayi tsawona da na babansu, ta sa aka yi gwajin jini da hoton ƙashin hannunsa na hagu. Da sakamako ya fito ta ce, "Maman 'yan biyu, ki kwantar da hankalinki, ƙashinsa bai kai shekarunsa ba, lokacinsa ne bai yi ba."

Sannan ta ɗauki biro ta zana mini. Sinadarin girma yana fitowa ne daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, galibi da dare idan barci ya yi nauyi, sai ya sa hanta ta saki wani sinadarin, IGF-1, mai miƙar da ƙashi. Balaga ce ke ƙara masa ƙarfi, kuma mata kan fara tsakanin shekara 8 da 13, maza tsakanin 9 da 14. Mace kan yi tsawonta mafi sauri a wajen shekara 12, kamar santimita 8 a shekara. Namiji sai wajen 14, amma nasa kan kai kusan santimita 10, ga kuma shekara biyun da ya ƙara yana girma kafin nan. Daga nan ne ake samun ratar kusan santimita 13 tsakanin manyan maza da mata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne estrojin, sinadarin balagar mata, wanda na ɗauka na mata ne kaɗai. Ashe jikin namiji ma yana juya wani kaso na testostiron, sinadarin balagar maza, zuwa gare shi, kuma estrojin ɗin ne ke rufe guringuntsin ƙarshen ƙashi, inda ƙashi ke ƙara tsawo. Idan ya rufe, babu allurar da za ta ƙara ko santimita ɗaya. Tunda na mace ya fi saurin rufewa, likitar ta gargaɗe ni cewa 'ya mace mai gajarta sosai ita ce ya kamata a gaggauta kawowa, don wani lokaci ciwon Tana (Turner) ne, wata larura da ake haihuwar yarinya da ita, wadda mata kaɗai take shafa. Mu kuwa iyaye sai mu ce ai mace ce, gajarta ado ce.

Ba a rubuta mana allura ba. An ce mu riƙa zuwa awo duk bayan wata shida, ya ci ya ƙoshi, ya daina raba dare a kan waya. Ma'aikaciyar jinyar da ke awon, duk zuwa sai ta nuna masa inda ya kai a takarda, har ya fara ɗokin ranar asibiti. Yanzu yana da 14, murya ta fashe, wandunan sallar bara duk sun ɗage, saura ƙiris ya kamo 'yar'uwarsa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuri'arku.

Taku,
Maman 'yan biyu, Kano