Dattijon da kuka yi wa dariya ranar Lahadi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun ranar Lahadi maganar nan take ci mini rai. Mai gabatar da shirinku ya zo kan 'yan mazan jiyan nan na Kolorado da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya ce wai sun ajiye bindiga sun koma koya wa attajirai zamiya a kan dusar ƙanƙara, ya yi 'yar dariya, ya wuce wani labarin. Dariyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ɗaya daga cikin mutanen da ya yi wa ita maƙwabcina ne, kuma da ni aka raka gawarsa.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa shekara da shekaru. Lokacin da muka tare ya haura tamanin. Hunturunmu na farko, ni da ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, na fito da asuba na tarar ya riga ya share mini ƙofar gida da shebur. Daga baya ya ga yarana biyu suna leƙen waje ta taga duk ranar Asabar, ya zo ya nemi izinina da na mahaifiyarsu kafin ya kai su dutse. Katakon zamiya da takalman da jikokinsa suka yi wa girma ya ba su. Ko sisi bai karɓa ba. Wane attajiri ne a gidana? Motar haya nake ja.

Na tsaya a gindin gangare na ga yadda yake koyarwa. Ba ya fara nuna wa yaro gudu. Sai yaro ya iya faɗuwa ya tashi da kansa, ya iya haɗa bakin katakon biyu ya tsaya, sannan a hau sama. 'Yata ta faɗi ta fashe da kuka, tsohon nan ya durƙusa cikin sanyi da gwiwarsa mai ciwo har ta yi shiru. Kaka take ce masa har ya bar duniya.

Kuma da ma'aikatanku sun bincika, da sun san zamiyar nan ba a wajen shaƙatawa ya ƙware a kanta ba. A Camp Hale ne, sansanin da aka gina a 1942 kusa da garin Leadville, a wani kwari cikin tsaunuka mai tsayin mita 2,800 daga teku, inda aka horar da runduna ta 10 ta sojojin tsaunuka na Amurka. A daren 18 ga Fabrairu 1945 mutanen rundunar suka hau dutsen Riva a Italiya da igiya, cikin duhu, suka ɓullo wa sojojin Jamus ta inda ba su zata ba. Kusan mutum 1,000 rundunar ta rasa a 'yan watannin da ta yi tana yaƙi a can. Pete Seibert, ɗan rundunar da ya kafa wurin zamiya na Vail a Kolorado a 1962, da munanan raunuka ya dawo. Bob Dole ma, wanda daga baya ya zama sanata, a cikinsu aka ji masa rauni. Maƙwabcina bai cika son zancen yaƙi ba, amma sau ɗaya ya kai ni mashigar Tennessee da ke tsaunukan Kolorado kusa da sansanin, inda aka rubuta sunayen waɗanda ba su dawo ba a jikin dutse. Ya ɗora yatsa a kan suna biyu, ya daɗe bai ce uffan ba.

Ban musa ba, wasan nan yana da tsada, ni ma na san kuɗin tikiti. Amma tsadar tikiti ba ta ba ku damar raina mutumin da ya yi jinyar matarsa shekaru da hannunsa, ya ƙi kai ta gidan tsofaffi. Ranar jana'izarsa cocin bai ɗauki mutane ba, yawancinsu waɗanda ya koya wa zamiya ne suna yara, yanzu da furfura a kansu. Kakana ya yi yaƙin Bama, na san yadda ake manta irin waɗannan mutane. Ina roƙon mai gabatarwar nan ya dawo kan maganar a shiri na gaba ya gyara. Allah ya ba iyalan dattijon haƙuri.

Wani abin kuma, kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai karanta labarai ya yi ƙarfi. A cikin mota nake saurarenku ta waya, rabin maganar ba na ji. Wannan ne karo na biyu da nake rubuto muku a kai.

Naku mai sauraro,
daga Aurora, jihar Kolorado, Amurka.